In Kunne Ya Ji Rabi, Jiki Bai Tsira Ba

Yawancin mutanenmu da ke shiga jirgin sama fargabarsu tana can cikin gajimare ne. Muddin jirgi yana ƙasa yana tafiya a hankali kamar motar kaya, za ka ga fasinja yana hira, yana gyara hula, yana neman inda zai cusa jakarsa. Sai ya ji ƙafafun jirgi sun rabu da ƙasa kana ya yi tsit. Alhali kuwa haɗarin jirgin sama mafi muni da aka taɓa yi a duniya a bisa titi ya auku, tsakanin jirage biyu lafiyayyu waɗanda ko ƙusa ɗaya ba ta kwance a jikinsu ba. Mutum 583 suka halaka ran 27 ga watan Maris, 1977, a tsibirin Tenerife, kuma da aka tone musabbabin abin sai aka tarar magana ce, wadda aka faɗi cikakkiya amma rabinta kaɗai ya isa kunnen da ake nufi.

Irin wannan aukuwa tana da suna a wurin ma'aikatan jiragen sama, watau kutse a titin tashi da sauka. Hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fassara shi da cewa a sami jirgi, ko mota, ko mutum a bisa titin nan a lokacin da bai kamata ya kasance a wurin ba. Abin ba baƙo ba ne. A Amurka kaɗai an lissafta sama da 1,700 a shekarar 2023, ko da yake galibinsu ƙanana ne, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Amma kowane ɗaya daga cikinsu ɗan'uwan na Tenerife ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sa'a ce kawai ta raba su.

Kafin mu shiga labarin ya kamata mai karatu ya san yadda ake tafiyar da filin jirgi. A cikin doguwar hasumiyar nan mai gilasai akwai ma'aikatan da za mu kira masu ba da hannu, domin aikinsu ɗaya ne da na ɗan sandan da ke tsaye a mararraba. Bambancin shi ne ɗan sanda da hannu yake magana kowa yana gani, su kuwa da rediyo suke yi. Rediyon nan irin oba-oba ce ta 'yan sanda. Mutum ya danna ya yi magana, ya saki ya saurara, kuma duk jiragen da ke kan layi ɗaya, kowa yana jin abin da aka gaya wa kowa. Idan mutum biyu suka danna a lokaci guda, muryoyinsu sai su haɗu su zama wani irin fito mai tsinka kunne, mai sauraro ba ya jin ko ɗaya sosai. Abin da ya fi muni, su masu maganar ba su san an yi haka ba, kowannensu yana tsammani saƙonsa ya isa.

Sa'an nan izni iri biyu ne, kuma a nan gizo yake saƙa. Akwai iznin hanya, inda ake gaya wa matuƙi cewa bayan ya tashi zai bi ta wuri kaza, ya hau zuwa tsawo kaza. Akwai kuma iznin tashi, watau a ce masa titi naka ne, tafi. Kwatanta wa mutum hanyar Zariya daban, ce masa ya kama hanya yanzu daban.

Tenerife ɗaya ne daga tsibiran Kanari, mallakar ƙasar Sifen, a cikin teku yamma da Maroko. Daga sunansu ne tsuntsun nan kanari da muke sa wa a keji ya samo nasa. Ran Lahadin da muke magana, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suna kan hanya zuwa tsibirin Gran Kanariya cike da masu yawon shan iska. Ɗaya na kamfanin KLM na ƙasar Holan, daga Amstadam, ɗaya na kamfanin Pan Am na Amurka, daga Los Anjalis ya biyo ta Niyok. Da misalin ƙarfe 1 da kwata na rana wasu 'yan neman ɓallewar tsibiran daga Sifen suka tayar da bam a ginin filin jirgin Gran Kanariya. Aka rufe filin, aka karkata jiragen da ke tafe zuwa wani ƙaramin fili mai suna Los Rodeos a Tenerife.

Los Rodeos titin tashi ɗaya gare shi, da hanyar gefe ɗaya wadda jirage ke bi su isa bakin titin. Kafin la'asar jiragen da aka karkato sun cika farfajiya har sun toshe hanyar gefen. Saboda haka duk jirgin da zai tashi tilas ya hau babban titin ya yi tafiya a kansa har ƙarshe, ya juya, kana ya tashi. Filin yana bisa tudu, sama da mita 600 daga teku, gajimare kan sauko ya kwanta a kansa kamar an jefa bargo. Babu rada mai nuna wa hasumiya abin da ke tafiya a ƙasa, fitilun tsakiyar titi kuma ba sa aiki a ranar.

Kyaftin ɗin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne shugaban masu koyar da tuƙin 747 a kamfanin, hotonsa ne ma a tallar kamfanin cikin mujallar da ake ajiye wa fasinja. Yana da damuwa guda. Ba da daɗewa ba aka tsananta dokar Holan a kan yawan awoyin da matuƙi zai yi yana aiki, wanda ya ƙetare kuwa yana iya rasa lasisinsa. In dare ya yi masa a Tenerife, sai a nemo wa fasinja sama da 200 masauki, jirgi ya kwana, jadawalin kamfani ya rikice. Don ya rage ɓata lokaci a gaba sai ya yanke shawarar shan mai a nan, wajen lita 55,000, aikin da ya ci minti 35. Ana cikin haka aka buɗe Gran Kanariya. Jirgin Pan Am a shirye yake ya tafi, amma na KLM da motar mai sun tare masa hanya. Har mataimakin matuƙi da injiniyan Pan Am suka sauko suka auna da ƙafa ko za su iya raɓawa, suka tarar saura ƙafa 12 wurin ya ishe su. Suka koma suka zauna. A cikin wannan jira ne gajimare ya sauko.

Gab da ƙarfe 5 aka ce wa KLM ya hau titi ya tafi har ƙarshe ya juya. Aka ce wa Pan Am ya biyo bayansa, amma ya fita ta mafita ta uku a hagu. Matuƙan Pan Am suka sake tambaya, mai ba da hannu ya ƙidaya musu da Turanci, ɗaya, biyu, uku, ta uku. To, mafitan nan babu alluna a kansu, ta ukun kuwa kwana ce mai komawa baya wadda ƙaton jirgi irin wannan da ƙyar zai iya sha. Cikin hazon da bai bari a ga abin da ya wuce 'yan mitoci ɗari ba, suka wuce ta suka nufi ta huɗu. Ke nan yanzu ga jirage biyu a titi ɗaya suna fuskantar juna, ba wanda ke ganin wani, hasumiya kuma ba ta ganin ko ɗaya.

Abin da ya biyo baya na'urorin ɗaukar magana sun adana shi sakan bayan sakan. KLM yana gama juyawa kyaftin ya fara tura wa injuna wuta. Mataimakinsa, Klaas Meurs, ya ce a dakata, ba su da iznin hanya tukuna. Kyaftin ya ce ya sani, ya tambaya. Meurs ya kira hasumiya ya ce sun shirya tashi, suna jiran iznin hanya. Mai ba da hannu ya karanto musu hanyar da za su bi, a cikin bayanin kuwa har da kalmar nan ta Turanci “take-off”, watau tashi, domin yana gaya musu abin da za su yi bayan sun tashi. Bai ba su iznin tashi ba, amma kalmar ta faɗa kunnen mutumin da ya yi awa uku yana jiranta. Meurs yana cikin maimaita umurnin kyaftin ya saki birki ya ce da yarensu, “Mu tafi.” Meurs ya ƙarasa da wata jimla mai harshen damo wadda ba ta cikin littafi, ana iya fassara ta da “yanzu muna wurin tashi”, ana iya fassara ta da “yanzu muna tashi”.

Mai ba da hannu ya ɗauki ta farko. Ya ce “O.K.”, ya ɗan yi jim, sa'an nan ya ce su dakata, zai kira su. A daidai wannan ɗan jim ɗin, matuƙan Pan Am da suka ji abin da KLM ya faɗa hankalinsu ya tashi, suka danna rediyo suka ce har yanzu suna bisa titi. Saƙonni biyu, kowanne ya isa ya tsayar da KLM, suka haɗu suka zama fito. Abin da ya shiga ɗakin matuƙan KLM sarai shi ne “O.K.” kurum.

Duk da haka akwai sauran dama ɗaya. Hasumiya ta ce wa Pan Am ya sanar in ya bar titi, Pan Am ya amsa cewa zai sanar. Wannan musayar ta shiga jirgin KLM ba tare da wani fito ba, kuma mutum na uku a ɗakin, injiniya Willem Schreuder, ya ji ta. Ya tambaya, ashe jirgin Pan Am ɗin nan bai fita ba? Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita mana. Schreuder bai ƙara cewa kome ba. Ba a yi sakan 20 ba jiragen suka haɗu.

Matuƙan Pan Am sun hango fitilu suna tahowa cikin hazo, Kyaftin Victor Grubbs ya murɗa jirginsa hagu ya ba shi wuta don ya faɗa ciyawa. Van Zanten ya ja nasa sama da ƙarfi har wutsiya ta daɓi kwalta ta ja mita 20 da wani abu. Jirgin ya ɗaga kaɗan, amma ga nauyin man da aka sha, ƙafafunsa da injuna suka yanke saman jirgin Pan Am, ya faɗi can gaba ya kama wuta. Duk mutum 248 da ke cikinsa suka mutu. A jirgin Pan Am mutum 335 suka mutu, 61 suka tsira, har da matuƙan uku. 'Yan kwana-kwana da suka iso sun daɗe suna fama da wutar KLM kafin su gane akwai jirgi na biyu yana ci a cikin hazo.

Masu binciken Sifen sun ɗora babban laifin a kan kyaftin ɗin KLM, da ya tashi ba izni. Na Holan suka nace cewa rashin fahimta ce ta ɓangarori biyu, suka nuna kalmar “O.K.” da mai ba da hannu ya yi amfani da ita, da kuma mafitar da Pan Am ya wuce. Daga baya KLM ya karɓi alhaki ya biya diyya. A ganina duka biyu suna da gaskiya, amma wanda ya tsaya a kan cewa kyaftin ne mai laifi, shi ke nan, ya zubar da darasin. Van Zanten ba mahaukaci ba ne, ba kuma ɗan koyo ba ne. Ya yi makonni 12 bai tuƙa jirgin fasinja ba, yana koyarwa a jirgin kwaikwayo, inda malami shi ne hasumiya, shi ke ba wa kansa izni. Ga gajiya, ga agogo yana cin sa, ga hazo yana ƙaruwa. Mutumin da ke cikin wannan hali abin da yake so shi yake ji. Meurs kuwa awa 95 kacal ya yi a 747, kuma van Zanten ɗin ne ya jarraba shi ya ba shi shaidar tuƙa shi 'yan makonni kafin nan. Ya riga ya tsayar da maigidansa sau ɗaya. Tsayarwa ta biyu ta yi masa nauyi.

Gyaran da aka yi bayan Tenerife yawancinsa gyaran harshe ne. Aka hana furta kalmar “take-off” a rediyo sai fa a lokacin ba da iznin tashi ko soke shi. A duk sauran magana wata kalma dabam ake amfani da ita, “departure”. Aka daina karɓar “O.K.” a matsayin amsar umurni, tilas matuƙi ya maimaita abin da aka gaya masa, da lambar titi, da sunan jirginsa, mai ba da hannu kuma ya saurara ya gyara in an kauce. Sa'an nan aka shiga koya wa matuƙa wani abu da a da ba a ɗauke shi ilmi ba, watau yadda ƙarami zai ja hankalin babba, da yadda babba zai saurara. Hukumar NASA ta Amurka ta yi taro a kan wannan a 1979, kamfanin United ya fara cikakken horon a 1981, yanzu kuwa ya zama tilas a manyan kamfanonin duniya.

Sai dai harshe yana da ƙofofi da yawa. Ran 25 ga watan Mayu, 2000, da tsakar dare a filin Charles de Gaulle na birnin Faris, aka ba wani jirgin fasinja na Faransa iznin tashi da Faransanci. Can gaba, a wata mashiga ta tsakiyar titin, wani ƙaramin jirgin kaya na Ingila yana jira, matuƙansa Turawan Ingila. Mai ba da hannu ya zaci yana bayan na fasinjan ne, ya ce masa da Turanci ya hau titi, shi ne na biyu. Da a ce sun fahimci abin da aka gaya wa ɗaya jirgin, da wataƙila sun tsaya. Suka kutsa, fiffiken jirgin fasinja ya yanke ɗakinsu, mataimakin matuƙi ya mutu nan take. Ƙa'idar ICAO ta yarda a yi magana da harshen ƙasa, muddin akwai Turanci ga mai buƙata, kuma tun 2008 ta wajabta wa matuƙa da masu ba da hannu na zirga-zirgar ƙasa da ƙasa su ci jarrabawar Turanci. Amma layin rediyo mai harshe biyu yana mayar da rabin masu sauraro kurame, alhali jin abin da aka gaya wa maƙwabci kansa kariya ce.

Na birnin Milan a Italiya ya fi ba da haushi, domin sakaci ne tsagwaronsa. Ran 8 ga watan Oktoba, 2001, cikin hazo, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna a filin Linate ya bi hanyar gefe mai lamba R6 maimakon R5 da aka ce masa. Ya kira hasumiya ya ce yana wurin alamar S4. Alamar tana nan a rubuce a ƙasa, amma babu ita a taswirar filin, mai ba da hannu bai san da ita ba, ya ce ya ci gaba. Jirgin kamfanin SAS mai zuwa Kofanhegan ya same shi a tsakiyar titi. Mutum 118 suka mutu, huɗu daga cikinsu ma'aikatan ɗakin kaya ne da jirgin ya faɗa wa. Tsohuwar radar ƙasa ta filin ta daina aiki tun 1999, sabuwa an saya ba a girka ba. A 2004 kotu ta yanke wa mutum huɗu hukuncin ɗauri, har da mai ba da hannun. Ni dai ban ga hikimar jera mutumin da aka ba taswira mai giɓi, aka hana shi rada, tare da waɗanda suka bar na'ura a cikin akwati ba. In ɗauri ne ladan kuskure, gobe wanda ya yi ƙaramin kuskure zai ɓoye, kuma ƙananan kurakuran da aka faɗa su ne ke nuna inda babba zai fito.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na Tokiyo, domin a can an bi ƙa'idar harshe daidai. Ran 2 ga watan Janairu, 2024, kashegarin girgizar ƙasar da ta auka wa yankin Noto, wani ƙaramin jirgin masu tsaron gaɓar teku na Japan yana shirin kai kayan agaji daga filin Haneda. Hasumiya ta ce ya je wurin tsayawa mai lamba C5 a bakin titi, shi ne na ɗaya. Matuƙan suka maimaita umurnin kalma da kalma, babu kuskure. Sa'an nan suka wuce wurin tsayawar suka hau titi suka zauna wajen sakan 40, suna ganin an ba su izni. Baki ya faɗi daidai, zuciya ta ji wani abu dabam, ga gaggawar kai agaji, ga “na ɗaya” da aka ce musu. Jajayen fitilun da ake jerawa a ƙasa don su tare jirgi a bakin titi ba sa aiki a lokacin. Na'urar hasumiya ta nuna alama a allo, amma ba ta da ƙara, ba wanda ya lura. Jirgin Japan Airlines ƙirar Airbus A350 ya sauko a kansu da ƙarfe 5 da minti 47 na yamma. Biyar daga mutum shida na ƙaramin jirgin suka mutu. Mutum 379 da ke cikin babban duk suka fita ta ƙofofi uku kafin wuta ta cinye shi, kuma abin da ya taimaka shi ne ba su tsaya jan jakunkuna ba. Wannan ya kamata fasinjojinmu su riƙe.

Haneda ya nuna cewa maimaita magana, duk amfaninta, ba ta buɗe ƙirjin mutum a ga abin da ya fahimta. Tilas a sami shaida na biyu wanda ba ya dogara da kunne, watau rada mai nuna duk abin da ke motsi a ƙasa, da fitila ja wadda doka ta ce ba a ƙetare ta ko da hasumiya ta ce a wuce, da ƙararrawa mai ƙara.

Kada mai karatu ya ce wannan duk labarin ƙasashen Turai da Japan ne. Kayan haɗin Tenerife babu wanda ba mu da shi. Gajimaren Los Rodeos mu hazon hunturu muke kiransa, kuma duk wanda ya taɓa jiran jirgi a Kano ko Maiduguri ko Sakkwato cikin watan Janairu ya san yadda ƙura kan rufe fili har a soke tashi ko a karkata jirage zuwa wani gari. Karkata zirga-zirga zuwa ƙaramin fili mun yi shi a 2017, da aka rufe titin Abuja mako shida don gyara aka koma Kaduna. An gama lafiya, amma wancan shiri ne da aka yi watanni ana yi, ba na rana ɗaya ba. Lokacin jigilar alhazai manyan jiragen haya kan cika filayen da a sauran watanni 'yan jirage kaɗan suke gani, da matuƙa baƙi waɗanda ba su san kwanoninmu ba, ga lafazinsu dabam da namu. Har shanu jirgin Air France ya taɓa tararwa a titin Fatakwal a watan Yuli, 2005.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa masu kula da sufurin sama su riƙa yi wa hukumar NAMA mai kula da sararin samaniya da masu ba da hannu, da hukumar filaye FAAN, da hukumar NCAA mai sa ido. Filaye nawa ke da radar ƙasa mai aiki yau, ba wadda aka ba da kwangilarta ba? Alamun da ke rubuce a kwalta sun yi daidai da taswirar da ke hannun matuƙi da ta hasumiya? Awa nawa mai ba da hannu yake yi a kujera kafin a karɓe shi? Direban motar mai da mai yankan ciyawa, su ma da rediyo suke shiga, wa ya jarraba su? Kuma kutse nawa aka rubuta bara, ƙanana da manya? Adadi mai yawa a nan ba abin kunya ba ne, alama ce ta cewa ma'aikata ba sa tsoron faɗa. Hukumar da ta ce ba ta da ko ɗaya ita ce abin tuhuma.

Sauran magana ta kwalejin koyon aikin jiragen sama ce ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 take yaye matuƙa da masu ba da hannu, kuma ita ce mafi wuya. Mu mutane ne da aka hore mu tun muna yara cewa ba a katse babba, ba a ce masa ya yi kuskure a gaban jama'a, in ma za a faɗa sai an kewaya an sa ladabi. A zaure wannan tarbiyya ce mai kyau. A ɗakin matuƙa, jirgi yana gudun kilomita 200 a awa, babu lokacin kewaye. Schreuder ba yaro ba ne, shekarunsa 48, daga cikin mutanen da aka sani da faɗar magana ba kwana-kwana, duk da haka abin da ya iya yi shi ne tambaya, aka amsa masa da ƙarfi ya yi shiru. To ina ga ɗanmu mai shekara 25 da ke zaune kusa da kyaftin sa'an mahaifinsa, wanda kuma shi zai sa hannu a takardar ƙarin girmansa? Wannan ba a aji kaɗai ake koyar da shi ba. Sai kyaftin da kansa ya ce wa yaron kafin a tayar da inji, in ka ga abin da bai gamshe ka ba ka ce a tsaya, zan tsaya, ma yi bayani daga baya. Sai kuma kamfani ya tabbatar cewa wanda ya ce a tsaya aka tarar babu kome ba zai rasa kome ba.

An ga amfanin haka ran 4 ga watan Fabrairu, 2023, a birnin Ostin na jihar Tekzas a Amurka. Da asuba cikin hazo mai kauri, mai ba da hannu ya ba jirgin kaya na kamfanin FedEx iznin sauka, kana ya ba jirgin fasinja na Southwest mai ɗauke da mutum 128 iznin tashi a titi ɗaya, yana zaton na fasinjan zai tafi kafin na kayan ya iso. Ba ya ganin titin, filin ba shi da radar ƙasa, na fasinjan kuwa ya ɗan yi jinkiri. Matuƙan FedEx sun ji iznin da aka ba ɗaya jirgin, domin da harshe ɗaya aka yi, har suka sake tambaya ko nasu iznin yana nan, aka ce yana nan. Suna gab da taɓa ƙasa mataimakin matuƙi ya hango inuwar jirgi a ƙarƙashinsu. Bai tsaya tambaya ba, ya ce a fasa sauka, nan take aka ba injuna wuta jirgi ya koma sama. Masu bincike sun auna tazarar da ta rage tsakanin jiragen biyu, ƙafa 150 zuwa 170. A 2024 aka girka wa filin Ostin na'urar da ke nuna wa hasumiya jiragen da ke ƙasa.